Kafin a Kafa Turaku: Darasin Damagaram ga Garuruwan Kudu

Lacca da aka gabatar a Kwaya, gaban jama'ar gundumomin Magariya da Dungas



Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata, ƴan kasuwa, magina, da ku samari da kuka tsaya can bayan rumfa saboda kujeru sun ƙare, sannunku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan sababbin gine-gine da yadda ake tsara tsakiyar gari. Na tabbata akwai mai cewa a ransa, wannan ai zancen mutanen Yamai ne da na Kano, me ya kawo shi Kwaya, inda amalanken shanu ya fi mota yawa a hanya? Shi zan fara ba amsa, kuma da lissafi zan ba shi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar, suna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. Da irin wannan gudu, jama'a na ninkawa cikin shekara 18 zuwa 19. Jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan mutane, miliyan 3 da rabi a wancan lokaci, kuma a cikinta nan kudu aka fi cunkushewa. Ko bayan an cire Dungas daga Magariya a 2011 an ba ta gundumarta, abin da ya rage wa Magariya ya haura mutum rabin miliyan. Wato yaron da aka raɗa wa suna a shekarar ƙidayar, kafin ya ajiye iyali, masu ɗiban ruwa a rijiyar unguwarsu sun ninka. Mutanen nan kuwa sai sun kwana a ɗaki, sai sun sami kasuwa da tasha da makaranta da asibiti da makabarta. Gona ba ta ƙaruwa. Saboda haka duk ƙauyen da ke da kasuwa da meri, wato ofishin magajin gari, da hanyar mota, ko ya so ko ya ƙi, gari zai zama. Bande da Washa da Yekuwa da Sasumburum duk hanyar suke bi, Kwaya ma tana cikin sahun.

Abin da na zo faɗa guda ne. Ranar da mai awo ya zo da igiyarsa ya kafa turaku aka yanka filaye, ranar ake yanke yadda tsakiyar gari za ta kasance, tun ba a buga bulo ko ɗaya ba. Abin da aka ƙi sayarwa a wannan rana, da shi gari zai rayu shekara hamsin. Abin da aka sayar kuwa ya tafi, sai dai a dawo da shi da katafila da kuka.

Mu duba Damagaram, tunda ita ce babbar yayarmu, kuma da wuya a sami babba a nan da bai taɓa zuwa ba, ko don asibiti, ko kasuwa, ko neman wata takarda.

Damagaram gari uku ne aka haɗe. Akwai Birni, inda fada take, wanda Sarki Tanimu ya ƙarfafa ganuwarsa a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai Zango, masaukin fatake da ayarin raƙuma masu saukowa daga Agadas su wuce Kano. Sai na uku, wanda Faransawa suka kafa bayan sun ci garin a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Suka yi barikinsu a kan dutse, suka shimfiɗa ofisoshi da miƙaƙƙun tituna a filin da ke tsakanin tsofaffin unguwannin biyu. Daga 1911 nan ne mazaunin mulkinsu na ƙasar duka, har 1926 da Gwamna Brévié ya kwashe ya koma Yamai. Cikin dalilan tashin har da ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ƙasansa ba ta riƙe ruwan kirki, shi ya sa har gobe daga nesa ake jawo masa: Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya Ganaram. Wanda ya ga ƴan garuwa suna tura kura cike da jarkoki a watan Afrilu ya san wannan ciwo bai warke ba.

To ku shiga Birni da ƙafa, da azahar, lokacin da rana take tsaka. Lungu ne ƙuntatacce, katangar wannan gida tana yi wa ta wancan inuwa, ba ka tafiya mai nisa cikin rana. Kowane gida da zaurensa, da dakali a ƙofa inda dattijo ke zama yana ganin mai shiga da mai fita. Sama ga zankwaye, fuskar gidan an yi mata zane tun laka tana ɗanya. Sai ka ɗaga kai ka ga indararo ya leƙo daga soro. Bi inda bakinsa ya nufa: cikin lungu yake zuba. Lungun kuma ba a kwance yake ba, yana da ɗan gangare, in ka bi shi zai kai ka kududdufi. Kududdufin nan daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka yi tubalin gidajen. Ramin da gini ya bari shi ke karɓar ruwan da ginin ya zubo, da rani kuma a koma a sake ɗiban ƙasar yaɓe. Magina na da ba su da takardar injiniya, amma sun san duk ɗigon da ya sauka a soro sai an nema masa wurin kwana. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su, kamar yadda aka amince da tsohon garin Agadas a 2013.

Kada a ce ina yabon da don da ne. Lungun Birni motar asibiti ba ta shiga. Kududdufi gidan sauro ne, kuma ba yaro ɗaya ya ci ba. Amma maganin kududdufi a kewaye shi, a kiyaye shi daga shara, a yi masa mafita. Cike shi a sayar wani abu ne dabam, zan zo kansa.

Sabon ginin da ya fi canza fuskar Damagaram a zamaninmu bikin 18 ga Disamba ne ya kawo shi. A mulkin Tanja Mamadu aka fara zagayawa da bikin ranar jamhuriya jiha jiha, Damagaram ta karɓa a 2006. Mahamadu Isufu ya farfaɗo da abin da ƙarfi: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya 2015, Agadas Sokni 2016, Tawa Sakola 2017, sai Zinder Sabuwa a 2018, shekarar da jamhuriya ta cika 60. Aka zuba kwalta, aka kafa fitilun titi, aka yi dandalin fareti da masaukan baƙi, aka gyara filin jirgi. Ga jami'a da aka kafa a 2010, ga matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 ta jawo ma'aikata da manyan motoci, ga Kasuwar Dole da aka sake ginawa da siminti. Wanda ya san garin kafin nan ya dawo bayan nan, dole ya yaba. Ni ma na yaba, kuma ina ganin dabarar fitar da kuɗin ƙasa daga Yamai zuwa jihohi dabara ce mai kyau.

Sai dai aikin da ranar biki ke korawa yana da hali guda, ko a wace ƙasa aka yi shi. Abin da idon baƙo zai gani shi ake fara gamawa: fuskar titi, shataletale, fenti. Abin da ke ƙasa, wato magudana da inda za ta je ta zubar, shi ake bari sai in lokaci ya rage, lokaci kuwa ba ya ragewa. Sannan ba a cika ware kuɗin kula da abin ba bayan baƙi sun watse. Fitila ta mutu ta mutu ke nan, lambatu ya cika da yashi ya zauna a cike.

Ga wani abu da nake so magina su lura da shi, don ana ganinsa a garuruwanmu da yawa. Idan za a yi titi, sai an zuba birji an daddaɓe, an ƙara wani, sannan a shimfiɗa kwalta ko a jera pabe. Kafin a gama, titin ya tashi ya fi dokin ƙofar gidajen da ke gefensa tudu. Gidan da a da ake hawa taki ɗaya a shiga zaurensa, yanzu sauka ake yi. Ranar ruwan farko sai ka ga maigida da ƴaƴansa sun cika buhunan siminti da yashi suna jerawa a bakin ƙofa, matan gida suna kwarfe tsakar gida da roba. Titin ya yi kyau a hoto, amma ya zama madatsa, ruwan da a da yake wucewa ya sami sabon masauki a gindin katangar laka. Katangar laka kuwa ta ƙasa take mutuwa.

Damina ta 2024 ta nuna mana iyakarmu. A faɗin ƙasa ambaliya ta kashe mutum kusan 400, ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. A farkon Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube bayan mamakon ruwa, mutane suna kallo suna salati. Ruwan ya yi yawa ƙwarai, wannan ba gardama. Amma a riƙa tunawa da cewa ruwan da ya sauka a gona yashi ke shanye yawancinsa, wanda ya sauka a kan kwano da siminti da kwalta kuwa gudu yake, duka, a lokaci guda. Duk rufin kwanon da aka ƙara a gari an ƙara wa lungu ruwa. In a lokacin nan kuma ana cike tafkunan da za su karɓe shi, to lissafin ba ya buƙatar malami. Kano ta riga mu shan wannan. Kududdufan cikin Birnin Kano da yawa an cike su an yi gidaje da shaguna, kuma a daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na miliyoyin naira. Magudanar da aka yi ma leda ke toshe ta. Muna da doka tun 2014 da ta hana shigo da leda da sayar da ita, ku leƙa lambatun da ya fi kusa da ku ku ga inda dokar ta tsaya.

Me ya sa ake cike tafki a sayar? A nan nake so mu daɗe kaɗan, don nan cutar take.

Meri ba ta da kuɗi. Harajin kasuwa da na kai ba sa biyan ma'aikata balle su gina aji. Abin da ya fi sauƙin mayarwa kuɗi shi ne fili, sai a yi lotisma: a karɓi gonakin bakin gari, a yanka, a ba masu gona wani kaso, a sayar da sauran. Gwamnatin ƙasa da kanta ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye a farkon shekarun 2000, kun ga ke nan abin ya zama jiki tun daga sama. A takardar lotisma ta farko komai yana nan tsaf. Ga wurin makaranta, ga na asibiti, ga na kasuwa, ga filin wasan yara, ga hanyar ruwa an bar ta. Sai a yi shekara biyar ba a sami kuɗin gina makarantar ba, filin yana zaune ana zubar da shara. Sai wani mai hali ya zo ya ce a ɗan yanka masa gefe, ai ba a amfani da shi. Shekara mai zuwa wani ya karɓi ɗaya gefen. Ranar da kuɗin makaranta ya samu, sai a tarar abin da ya rage bai isa aji uku ba, a kai ta bayan gari, yara ƙanana su riƙa tsallaka titin manyan motoci safe da yamma. Ba wanda ya yi niyyar cutar kowa a cikin labarin nan. Kowa ɗan gefe ya ɗauka.

In kuna son ganin ƙarshen irin wannan hanya, ku tuna Kano a watan Yuni na 2023. Sabuwar gwamnati ta hau, cikin kwanaki ta sa katafila ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da ginin da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar filayen jama'a ne gwamnatin baya ta sayar. Magana ta je kotu, aka yanke diyya ta biliyoyin naira. Ni ba alƙalin wannan shari'a ba ne. Abin da na gani shi ne ɗan kasuwa ya saya da kuɗinsa ya yi asara, talaka kuma daga aljihunsa za a biya diyyar, filin da ya kamata tun farko a ce ba na sayarwa ba ne ya ci kuɗi sau biyu.

Akwai kuma manomin da gari ya cinye gonarsa. An ba shi filaye uku ko huɗu, ya sayar, ya sayi babur, ya yi aure, ya je ci-rani. Bayan shekara kaɗan babu gona babu fili. Sau da yawa ƴan uwansa mata, da ke da rabonsu na gado a gonar, ba su ma ji an yi cinikin ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira kofo, tun daga gunduma har ƙauye, kuma aikinsu ke nan, su rubuta wane ne ke da me kafin mai awo ya iso. A yi amfani da su tun gona tana gona.

Yanzu kasuwa, don ita ce zuciyar kowane gari namu. Masu zanen birane suna son titi fes, babu tebur babu rumfa. Amma ku ƙirga masu cin abinci a bakin titi: mai ƙosai, mai shayi, mai tsire, mai cajin waya, mai facin taya, ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja. Su ne mafi yawan masu sana'a a tsakiyar gari, kuma su ne ba a zana wa wuri. A 2016 hukumomin Yamai suka rushe shaguna da kes-kes masu ɗimbin yawa a bakin manyan tituna, ana share fagen taron Tarayyar Afirka na 2019. An sami otal-otal da zauren taro da sabon ginin filin jirgi. Amma mai tebur inda ƙafa ke wucewa nan yake zama, in ka kore shi da safe zai dawo da la'asar, don ba taurin kai ya kawo shi ba, ciniki ne. Abin da ya fi sauƙi a bar masa taki uku ko huɗu tsakanin titi da katanga tun a takarda, a ce nan wurinka ne, ka biya ɗan haraji, kada ka wuce wannan layi. Haka shagon sama a kasuwar bene: mai sayen barkono da daddawa ba ta hawa matakala, shi ya sa za ka ga sama a rufe, ƙasa kuwa an cika hanya da kaya. In hanya ta cika, ranar gobara motar ƴan kwana-kwana a ƙofa take tsayawa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Ta Sabon Garin Kano ta ƙone a 2016, shaguna dubbai suka tafi a dare ɗaya.

Wanda gari ya ture gefe kuma ba ɓacewa yake ba. Unguwar Kara-Kara a Damagaram asalinta wurin da aka ware wa kutare ne, aka bar ta ba aikin yi ba kulawa, daga baya sunanta ya fita da ƙungiyoyin matasa da ake kira fale. Fim ɗin da Aisha Maki ta fitar a 2021 a kanta yake.

Misalin da ya fi dacewa da girman Kwaya ba daga babban birni yake ba. Dandaji ƙauye ne a jihar Tawa. A 2018 wata ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, Mariyam Kamara, ta tsara musu kasuwa. Ba ta ɗauke ta daga inda take ci ba, kuma tsohuwar itaciyar da ake taruwa a gindinta ita aka mayar cibiya, aka kewaye ta da wurin zama. Shagunan da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka yi su, sama aka kafa faifan ƙarfe masu launi suna ba da inuwa iska tana wucewa. A garin dai, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci, tsohon kuma, maimakon a rushe shi, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Tsohon masallacin aikin Falke Barmu ne, maginin da ya yi masallacin Yama wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ba ɗan Masar ba ne ba ɗan Faransa ba, Bahaushe ne irinmu, da ƙasa irin tamu.

Wannan ya kawo ni kan abin gini. Yau a nan duk wanda ya dawo daga Kano ko Legas ko Aljeriya da ɗan abin hannu, burinsa bulo da kwano, kuma ban ga laifinsa ba. Ya gaji da yaɓe kowace shekara, ya gaji da gara, azara ta yi tsada tunda giginya ta yi ƙaranci, sannan akwai idon jama'a: gidan laka gidan wanda bai samu ba ne. Amma ku shiga ɗakin bulo mai kwano ba silin da ƙarfe biyu na rana a watan Mayu. Mai ɗakin ma yana waje, ƙarƙashin darbejiya. Katangar laka mai kauri tana tsare zafin rana sai dare ta sake shi, bulo mai rami kuwa yana shigo da shi nan take. Siminti kuma ko daga Malbaza ya zo ko daga Najeriya, mota ce ta kawo shi, kuma mu mutanen bakin iyaka mun ga yadda farashin kaya ke yi in an rufe ta, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan Yulin 2023. In siminti ya yi tsada mai buga bulo ba ya rage yawan bulo, simintin yake ragewa. Kun sha ganin irinsa: ka ɗauki bulo ka murza gefensa da babban yatsa, yashi na zuba. A ɗora bene a kan wannan? A ƙarshen Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut na Kano, cikin kasuwar waya, ya rufto a kan mutane. Kafin a fara yayin bene a Magariya da Dungas gadan-gadan, ya kamata a ce akwai wanda ke duba tushe da rodi kafin a zuba dakin.

Tsakanin laka irin ta kaka da bulo akwai hanyoyi. Tushe na dutse ko siminti da ya ɗago katanga daga ƙasa, sannan laka a sama, da rufi mai baki da ke jefa ruwa nesa da gindi. Akwai gini ba katako, mai ɗaurin baka da ƙubba na tubali zalla, wanda aka fara koya wa magina a Cikal tun 1980, ba ya cin azara ko ɗaya. Akwai tubalin inji mai ɗan siminti kaɗan, irin wanda aka yi rukunin gidajen Niamey 2000 da shi a 2016, benaye ne kuma suna tsaye. Abu ɗaya da zan roƙi magina su daina shi ne shafa siminti kai tsaye a kan katangar laka. Ba sa kama juna. Simintin zai tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, lakar ta jiƙe a ɓoye, mai gida yana ganin fuska lafiya lau har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Makuba da laso da kakanni ke shafawa suna barin katanga ta sha iska.

Saura inuwa, kuma a nan ku ne malamai, ba ni ba. Masana daga ƙasashe da yawa sun zo wannan yanki, Magariya da Matamai da Miriya, don su ga abin da manoma suka yi tun daga shekarun 1980: sassaben zamani, a bar tsiron gawo da ƙalgo da sabara a gona, a gyara shi, a hana gatari. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, yawancinsu ba wanda ya dasa, bari kawai aka yi suka tashi. Manomin nan ya yarda ya rasa ƴan kunyoyin hatsi a gindin gawo saboda ya san abin da gawo ke mayar masa, ganye ya zuba da damina ya zama taki, ƴaƴa su ciyar da dabba da rani. To abin mamaki, ranar da gonar nan ta zama fili, aikin farko da mai saye ke yi shi ne ya kira mai gatari. Gawon da ya shekara talatin ya faɗi kafin azahar. Bayan an gama gini kuma, ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, a zo da ɗan dashe a leda a yi hoto, akuya ta cinye shi kafin sati. Abin da kuka iya a gona shi nake roƙo a shigo da shi gari: a san abin da ake bari. Mai awo yana iya karkata layinsa taki biyar don babbar itaciya ta faɗo a kan hanya ko a dandali. Ana iya rubuta itaciya a takardar fili, a ce an sayar maka da wurin amma wannan tsamiya ta gari ce.

Aikin da nake ba Kwaya shawara ba ya buƙatar ɗan kwangila. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na farko a damina mai zuwa, washegari da sassafe, tun sawun ruwan bai bushe ba, a fita: mai gari, wakilin meri, ƴan kofo, sarkin magina, tsofaffin da suka ga manyan daminu, da mata, don su suka san lungun da ba ya biyuwa da tulu a ka. A bi ruwan da ƙafa daga inda ya taso har inda ya kwanta. Duk inda ya bi a kafa turke, duk inda ya kwanta a kewaye. Wannan shi ne zane na farko, sauran duka a kansa za a ɗora. Daga nan a ware babbar hanya da faɗin da manyan motoci biyu za su gifta har a sami wurin masu tebur da layin itatuwa, ko da yau amalanke kaɗai ke bi. A bar burtali a bayan gari don garken da ke gangarawa kasuwar Maigatari kada ya ratsa ta gaban makaranta. A ware filin tasha kusa da kasuwa, da na makaranta ta biyu da ta uku, da ƙarin makabarta. Filin da aka ware kada a bar shi fayau yana kiran masu sha'awa: a dasa masa itatuwa a iyaka, a kafa ragar ƙwallo, a riƙa sallar idi a ciki, don filin da jama'a ke amfani da shi yana da wuyar yankawa a ɓoye.

Sannan takardar kada ta kwana a durowa ɗaya. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 mun ga magadan gari sun zo sun wuce, a Afrilun 2024 ma aka rushe majalisun duka aka naɗa masu riƙo. Kujerar meri tana canza mai zama, taswirar kuwa ana so ta fi kowannensu daɗewa. A yi kwafi huɗu ko biyar: ɗaya a meri, ɗaya a fada, ɗaya wurin liman, ɗaya a ofishin kofo na gunduma. A kuma sa mai fenti ya zana ta babba a jikin katangar meri ta waje, da Hausa, boko da ajami, filayen jama'a da jan fenti, yadda mai tallan goro ma zai iya tsayawa ya nuna da yatsa ya ce, wannan wurin da ake zuba bulo ai ja ne a bango.

Na ga hannuwa sun fara tashi daga wajen ƴan kasuwa, kuma na san maganar harajin tebur ce. Bismillah, Alhaji, a miƙa masa abin magana.